Ɗigon Fa da Ɗigon Ƙaf: Ladabin Gyara Rubutun Wani, Daga Majalisin Hadisi Zuwa Kakuri

Wanda ya fito daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, in dai mai lura da rubutu ne, ba zai yi nisa ba sai idonsa ya faɗa kan abin da malamin Hausa zai ja wa layi da jan biro. A jikin motocin haya da allunan shaguna an rubuta Sabon Tasha, alhali tasha kalma ce ta mace, kuma bisa daidaitacciyar Hausa Sabuwar Tasha ya kamata a ce. Ga kuma Ungwan Boro da Ungwan Romi, inda ƙa'ida take son Unguwar Boro da Unguwar Romi. Da wani zai tsayar da direba domin ya gyara masa, shi za a yi wa dariya. Sunan ya zauna a haka, da shi ake aika wasiƙa, shi masu wurin suka sani.

Wannan ƙaramin misali yana ɗauke da tambayar da ta riga kowace tambaya a babin gyara wa mutum rubutu. Kafin a zo ga lafazin da za a yi gyaran da shi, sai an tabbatar cewa abin kuskure ne, kuma an san ma'aunin da aka auna shi da shi. Mun saba ɗaukar ladabin gyara a matsayin tausasa harshe kawai. Tarihin malaman hadisi yana nuna cewa tushensa ya fi haka zurfi: sun gina shi ne a kan tuhumar da mai gyara yake yi wa kansa, cewa mai yiwuwa shi ne bai sani ba.

Rubutun Larabci na ƙarnonin farko ƙarancin ɗigo gare shi, don haka kalma ɗaya takan karantu ta fuska biyu ko uku. Wannan ya haifar da ciwon da malamai suka kira tas'hifi, wato sauya kalma saboda gocewar ɗigo ko wasali. Ba ƙananan ɗalibai kaɗai ya kama ba. An ruwaito cewa Abubakar al-Suli, marubuci masani, ya zo shifta hadisin azumin Sitta Shawwal sai ya karanta kalmar sittan a matsayin shai'an, kwana shida suka koma wani abu marar adadi. Saboda yawan irin wannan aka wallafa littattafai sukutum a kai. Abu Ahmad al-Askari, wanda ya rasu a shekara ta 382 bayan hijira, yana da Tas'hifatul Muhaddisin, shi ma al-Daraƙuɗuni, wanda ya rasu a 385, ya yi nasa. Ashe ke nan magabata ba su ɗauki bin diddigin harafi a matsayin ƙeta ko neman suna ba. Aiki ne na tsare amana, kuma manya ne suka yi shi.

Abin lura shi ne yadda suka yi shi. Al-Khaɗib al-Bagdadi ya kawo a tarihinsa na Bagadaza cewa al-Daraƙuɗuni ya halarci majalisin shiftar Abubakar Ibn al-Anbari wata ranar Juma'a, sai ya ji malamin ya goce a sunan wani mai ruwaya, tsakanin Hayyan da Hibban. Ibn al-Anbari ya rasu a 328, al-Daraƙuɗuni kuwa an haife shi a 306, saboda haka saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba a gaban dattijon da ake ji da shi a nahawu da lugga. Ya ji nauyin a ɗauki kuskure daga mutum irin wannan, ya kuma ji kwarjinin ya tare shi a gaban jama'a. Sai ya jira aka tashi, ya je wurin mustamli, wato mai ɗaga murya yana isar da maganar malami ga na nesa, ya faɗa masa inda aka goce da abin da yake daidai, ya yi tafiyarsa. Da Juma'a ta zagayo, Ibn al-Anbari ya umarci mustamlin ya sanar da mahalarta cewa ya yi tas'hifi a suna kaza, saurayin nan ne ya faɗakar da shi, kuma ya koma ga asalin littafinsa ya tarar maganar saurayin ce daidai. An yi gyaran a ɓoye, amma wanda aka yi wa gyaran da kansa ya bayyana shi, domin kuskuren ya riga ya shiga takardun mutane. Kusan haka ta faru tsakanin Abdulgani ɗan Sa'id na Masar da al-Hakim na Naisaburi, wanda ya rasu a 405. Abdulgani ya tattara wuraren da al-Hakim ya goce a littafinsa al-Madkhal ya aika masa, shi kuwa ya karanta wa mutane su, ya aiko da godiya.

Wanda ya fi kowa kusa da mu a wannan babi shi ne Alƙali Iyal, wato Ƙadi Iyad, wanda ya rasu a 544, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zauruka da masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi. Kaɗan daga masu sauraron Ashafa suka san cewa yana da wani littafi, al-Ilma'u, a kan ƙa'idojin ruwaya da tsare rubutu. A ciki ya ba da labarin wani malamin Andalus, Abul Walid Hisham al-Waƙƙashi, mutum mai faɗin karatu da kaifin basira, wanda wannan baiwa ta ba shi ƙarfin halin sa alƙalami a cikin littattafai yana sauya duk abin da ya ga kamar kuskure ne. Ya dace a wurare da dama, amma a wasu wuraren daidai ya mayar kuskure. Hukuncin da Iyal ya fitar shi ne rufe ƙofar sauya nassi ya fi aminci, domin in aka buɗe ta wa gwani, wanda bai iya ba ma zai shigo.

Ibn al-Salah, wanda ya rasu a 643, ya tsara wannan a Muƙaddimarsa har ya zama hanyar da aka bi. Ya ambaci saɓanin magabata game da wanda ya ji lahani a ruwaya: Ibn Sirin yana ganin a faɗe shi yadda aka ji, al-Auza'i da Ibn al-Mubarak suna ganin a faɗi daidai. Amma a cikin littafi, abin da ya zaɓa shi ne a bar kalmar yadda take, a ɗora mata wata 'yar alama mai kama da kan harafin sodi, wadda ake kira dabba (da harafin lodi take, ba ta da haɗi da dabbar dawa), sannan a rubuta abin da ake ganin shi ne daidai a gefen shafi. Ma'anar alamar ita ce haka aka samu a ruwaya, amma akwai shakka. In kuwa kalma ta yi kama da kuskure alhali an bincika an ga daidai take, sai a rubuta sahha a kanta domin kada wani mai gaggawa ya zo ya taɓa. Hatta abin da aka tabbatar ƙari ne a cikin nassi, sun fi son a ja masa siririn layi wanda zai bari a karanta abin da ke ƙarƙashi, maimakon a kankare. Har an ruwaito cewa dattawan malamai ba sa son a shigo da wuƙa majalisin sauraron hadisi, domin abin da aka kankare yau yana iya inganta gobe ta wata ruwayar. Daga baya Badruddin Ibn Jama'a, wanda ya rasu a 733, ya ƙara wani sharaɗi a Tazkiratus Sami'i: ba a gyara littafin wani sai da izinin mai shi.

Malaman lugga ma sun ɗanɗana irin wannan. Al-Hariri, mai Muƙama ɗin da ɗaliban zaure suke kammala karatun lugga da ita, ya wallafa Durratul Gawwas domin tona kurakuran da masu ilimi suke yi a Larabci. Sai Ibn Barri, daga baya kuma Shihabuddin al-Khafaji, suka bi littafin suka nuna cewa da yawa daga abin da ya kira kuskure yana da madogara a maganar Larabawa.

A ƙasar Hausa da Barno, gyaran rubutu yana da gurbinsa tun daga tsangaya. Gardi yakan yi satu a allonsa, ya kai wa alaramma a yi darasu, a bi rubutun harafi harafi: inda aka tsallake alif, inda aka haɗa abin da yake rabe, inda jan wasali ya sauka ba a muhallinsa ba. A nan ba a sassauci, kuma ba wanda yake jin an ci masa fuska, domin shi ya kawo allonsa da hannunsa, ma'aunin kuma ɗaya ne da kowa ya yarda da shi, wato rasmin Mus'hafi bisa ruwayar Warshu. Masu kwafar littattafai su ma sukan rufe aikinsu da roƙon mai karatu ya yi musu uzuri da addu'a, ya gyara abin da alƙalami ya zame. Izinin da Ibn Jama'a ya sharɗanta, sun bayar da shi tun kafin a tambaya.

Abin ya rikice ne lokacin da ma'auni ya zama fiye da ɗaya a gari ɗaya, kuma ƙetaren Kogin Kaduna na cikin wuraren da hakan ta fi bayyana. Turawa sun mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, babbar mahaɗar jirgin ƙasa kuwa a kudancin kogin take. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Aiki ya jawo Sakkwatawa da Katsinawa da Kanawa da Zazzagawa da Barebari da Nufawa, suka zauna tare da Gbagyi masu ƙasa da mutanen kudancin lardin Zazzau, waɗanda Hausa harshe na biyu ne a wurinsu. A layi ɗaya a Kakuri ko Makera ko Barnawa ana iya samun wanda ya yi allo, da wanda ya yi ajin Yaƙi da Jahilci, da wanda ya koyi Hausar boko a makarantar mishan. Kowanne yana rubutu, kowanne kuma yana da abin da yake ɗauka shi ne daidai.

A nan zan faɗi abin da ya faru da ni, domin ni ne mai laifin. Ni ɗan islamiyya ne, ban yi allo ba, da Mus'hafin Hafsu na buɗe ido. Ina saurayi na koyar a wata makarantar dare a Kakuri, sai wani yaro ya zo da allon da kakansa ya rubuta masa. Na duba na ga fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya tak a sama, nun ta ƙarshen kalma ba ɗigo sam. Na lakato ruwa da yatsa na goge, na mayar da kowane ɗigo inda na sani, na kuma ce wa yaran, da murya mai ƙarfi, a daina kai allo wurin wanda bai iya ba. Kashegari bayan sallar lisha wani dattijo Babarbare, mai gadi a ɗaya daga cikin masaƙun, ya zauna a bakin ƙofa har kowa ya watse. Muka gaisa, sai ya ce, "Malam, tambaya na zo da ita. Ku a wajenku ɗigon fa a sama yake?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya kwance gafakarsa ya fito da Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa warƙa, ya miƙo mini ɗaya. Ya ce, "To, ɗana, mu a ƙasa muka same shi, haka kuma aka yi mana darasu. Ka duba mini, in mu ne muka ɓata sai mu gyara." Hannunsa ne ya rubuta Mus'hafin, da ka. Bai ƙara kalma a kan haka ba, ni kuma sai da na yi kwanaki kafin na iya haɗa ido da shi.

Abin da ban sani ba a lokacin sananne ne ga duk wanda ya karanta ilimin rasmi da labɗi. Rubutun Magariba, wanda namu ya samo asali daga gare shi, haka yake ɗiga fa da ƙaf. Warshu yana karanta kalmar malik ta cikin Fatiha ba tare da jan mim ba, Hafsu yana ja. Ƙidayar ayoyi ta Madina ta ƙarshe, wadda masahif ɗin Warshu da dama suke bi, 6214 ce, ta Kufa kuwa 6236, saboda haka lambar aya tana iya bambanta ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Bugun Alƙahira na 1924, da kuma masahif ɗin da ma'aikatar Sarki Fahad ta Madina take rabawa tun daga 1984, su suka cika masallatanmu da Hafsu har wani ƙarni ya taso yana zaton ita kaɗai ce. Gyara kuskure a Mus'hafi wajibi ne, malaman da suka zo bayan Ibn Jama'a ma sun ware shi daga sharaɗin neman izini. Amma wajibcin yana kan wanda ya san bambancin kuskure da ruwaya, ni kuwa ranar nan ban sani ba, ga shi har na yi kankarar da aka hana.

Ajami hukuncinsa daban ne. Ba a taɓa yin wata hukuma da ta zauna ta daidaita shi ba. Marubuta sun ari ɗa mai hannu domin sautin ɗ, wasu suka ƙara mata ɗigo uku domin ts, suka ɗauki ɗigon imala na Warshu domin wasalin e, amma kowane gari da kowane zaure yana da al'adarsa, kuma mutum yakan rubuta yadda yake furtawa. Basakkwace zai rubuta biyat da tahi, Bakano ya rubuta biyar da tafi. Mai tahaƙiƙin waƙoƙin ƙarni na 19 da ya mayar da irin waɗannan zuwa Kananci yana zaton gyara yake yi, shaidar inda rubutun ya fito yake sharewa, wani lokaci har da karin waƙar. A ganina wannan shi ne wurin da hanyar Ibn al-Salah ta fi cancanta a bi ta sau da ƙafa a jami'o'inmu: a bar nassi yadda yake, a yi bayani a ƙasan shafi.

Boko kuwa yana da ƙa'ida, sai dai ƙa'ida ce ƙarama a shekaru, mutane ne suka zauna suka yanke ta, kuma sun sauya ta fiye da sau ɗaya. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. Kafin haruffa masu ƙugiya su zauna, wasu suna sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suna sa alama a gabansa. Sai a shekarun 1930, zamanin R. M. East a Hukumar Talifi ta Zariya, aka karɓi ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta kai su gari gari. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, a Kaduna ɗin nan, domin ta tsayar da ƙa'ida. An yi taron Bamako a 1966, wanda bayansa Nijar ta ɗauki wani lokaci tana ninka dogon wasali, Nijeriya ba ta bi ba. Aka sake zama a Kano a 1972, sannan a Yamai a 1980 domin a haɗa kan ƙasashen biyu. Duk da haka har yau Bamaraɗe yana rubuta ƴa, Bakatsine yana rubuta 'ya, kuma kowanne yana kan ƙa'idar ƙasarsa. Dattijon da ya koyi rubutu kafin waɗannan taruka, ya ci gaba da rubuta abin da malaminsa ya koya masa, bai jahilci komai ba. Haka mutumin Sabon Tasha da ya rubuta rigan maimakon rigar, Hausar da ake yi a unguwarsu ya rubuta, domin a kudancin ƙasar Zazzau bambancin jinsi ya yi rauni a baki tun da daɗewa. Malamin makaranta yana da haƙƙin ya koya masa daidaitacciya, tunda da ita za a yi masa jarrabawa, amma ya kira ta da sunanta: ƙa'idar rubutu da aka gina a kan Kananci.

Akwai wani nau'in gyara da ya yaɗu tsakanin ɗaliban ilimi, wanda nake ganin ya fi kowanne kama da aikin al-Waƙƙashi. Mutum ya rubuta farilla a ce masa farida ce, ya rubuta lalura a ce darura, ya rubuta alwala a ce wudu'i. Waɗannan kalmomi sun shigo Hausa ɗaruruwan shekaru da suka wuce ta bakin malaman da suke furta dad da sauti mai kama da lam, shi ya sa ma sunan harafin a allo lodi. Ta wannan hanya al-ƙadi ya zama alƙali, sunan mai Ashafa ya zama Iyal. Sun riga sun zama Hausa, da su aka yi wa'azi tun kafin jihadi, da su aka fassara Ahalari da Ishmawi da Risala. Wanda yake rubuta Larabci wajibi ne ya rubuta dad, wanda yake rubuta Hausa kuwa farilla ce kalmarsa.

Kada a fahimci cewa kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Keken rubutu na da ba shi da ƙugiya, akawu yakan bi takarda da biro yana ƙara ta, in ya gaji ya bari, har ido ya saba da rashinta. Yau wannan uzuri ya kau, tunda kwamfuta da waya duk suna da haruffan. Kuma akwai inda ƙugiya take ɗauke da hukunci. Bari daban, ɓari daban, kuma a amsar tambayar mace game da idda ko jinin biƙi wannan bambanci ba na ado ba ne. Haka kasa da ƙasa, haka dari da ɗari a takardar rabon gado ko lissafin zakka. Littafin fiƙihu na Hausa da za a buga dubbai a sayar a ƙofar masallaci ya fi kusa da majalisin Ibn al-Anbari fiye da allon shago, domin kuskurensa zai shiga hannun mutanen da ba su da asalin da za su koma su duba. Wanda ya ga irin wannan sai ya rubuta shafi da layi, da abin da yake ganin shi ne daidai da dalilinsa, ya kai wa mawallafin ko maɗaba'ar. In mawallafin ya duba ya ga haka ne, sanarwar ta koma wuyansa, a bugu na gaba ko a majalisinsa, da ambaton wanda ya faɗakar da shi.